Darasi na Tara: Tirifsin, da Dalilin da Ya Sa Wake Sai Ya Dahu

A darasin da ya gabata mun kasa abinci kashi uku. Akwai mai ba da ƙarfi, irin su tuwo da kunu da dankali. Akwai mai kare jiki daga cuta, irin su zogale da rama da mangwaro. Sai mai gina jiki: nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa da waken suya. Abin da ke cikin wannan kashi na uku, wanda jiki yake yin tsoka da jini da fata da gashi da shi, sunansa furotin. Yau za mu bi shi daga baki har cikin jini, domin ba duk furotin da aka haɗiye ne yake zama jiki ba. Wani wucewa kawai yake yi. An biya kuɗinsa a kasuwar Tudun Hatsi, an ƙona itace a kansa, amma a masai zai ƙare.

Sai an tsinka kafin ya shiga jini

Ku duba jigida. Duwatsu ne ƙanana masu launi daban-daban, an zura su a zare ɗaya. Haka furotin yake. Duwatsunsa ana kiran su amino asid, kuma iri 20 ne. Furotin ɗaya yana iya ɗaukar ɗaruruwansu a jere, sannan ya nannaɗe ya dunƙule. Bambancin furotin ɗin kifi da na wake da na jikinku bai wuce yadda aka jera duwatsun ba.

Bangon hanji ba ya barin jigida sukutum ta ƙetare. Abin da yake karɓa shi ne dutse ɗaya, ko biyu, ko uku a haɗe. Saboda haka dole a tsinka zaren tukuna. Idan duwatsun sun shiga jini, sai jiki ya sake zura su yadda shi yake so. Mai cin kifin Dadin Kowa ba tsokar kifi ce take fito masa ba, tasa ce, amma da duwatsun kifin aka yi ta. Cikin iri 20 ɗin nan, jiki yana iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 kuwa sai daga abinci.

Masu aikin tsinkawar wasu sinadarai ne da ake kira enzayim. Kowanne da aikinsa, ba mai shiga na wani.

A baki, haƙora ne kawai suke taɓa furotin. Yawu sitaci yake fara narkarwa, ba ruwansa da nama. Duk da haka tauna tana da amfani, don tsoka da aka haɗiye gunduwa-gunduwa tana ba ciki wahala, kuma tsofaffin da haƙoransu suka zube su ya kamata a riƙa daka wa nama ko a dafa musu ya yi luguf. A ciki, wato tumbi, akwai ruwa mai tsananin tsami wanda yake warware dunƙulen furotin, da wani enzayim mai suna fefsin wanda yake yayyanka shi manya-manya. Bayan 'yan awoyi abincin ya zama kamar kunu, sai ya riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan zuwa farkon ƙaramin hanji. A nan ne babban aikin yake.

Fankiriyas

A bayan tumbi, a kwance, akwai wata tsoka mai laushi, tsawonta kamar santimita 15. Likitoci suna kiranta fankiriyas. Ba ita ce saifa ba, saifa tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari da nata aikin dabam. Masu ciwon suga sun fi kowa jin sunan fankiriyas, domin ita take yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Amma mafi yawan jikinta ba insulin yake yi ba, ruwan narkar da abinci yake yi, wajen lita ɗaya da rabi a kowace rana, yana bi ta wani siririn bututu ya zuba a farkon hanji. Dab da bakin hanjin, bututun nan yana haɗuwa da wanda ya taho daga madaciya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ruwan fankiriyas yana ɗauke da abu biyu. Na farko sinadari ne dangin wanda ke cikin kanwa, mai kashe tsamin da ya biyo abinci daga tumbi. Na biyu enzayim iri-iri: na narkar da sitaci, na narkar da mai, da na furotin. Shugaban masu furotin shi ne tirifsin. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Wilhelm Kühne, shi ya raɗa masa suna a 1876.

Tirifsin ba ya aiki cikin tsami. Fefsin kuma ba ya aiki sai cikin tsami. Don haka da abinci ya bar tumbi aka kashe tsaminsa, fefsin ya gama nasa, tirifsin ya karɓa. Zafin jikin mutum, digiri 37, shi ne daidai da shi.

Kuma ba ko'ina yake yanka ba. Yana bin zaren ne har ya iske ɗaya daga cikin duwatsu biyu, laisin ko ajinin, sai ya tsinka a bayansa. Wasu enzayim ɗin suna da nasu wuraren yankan. Ɗaya ya yanka nan, ɗaya ya yanka can, wasu su riƙa zare duwatsu ɗaya-ɗaya daga bakin zare, har a samu guntayen da bangon hanji zai iya karɓa. Daga nan jini ya kwashe su zuwa hanta, hanta ta rarraba.

To me ya hana shi cinye mai yin sa?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata mai hankali ya yi. Fankiriyas nama ce, wato furotin. Ta yaya take yin abin da ke narkar da nama, ita kuma ba ta narke ba?

Amsar ita ce ba ta sakin sa da kaifinsa. Shi kansa tirifsin furotin ne, jigida ce, kuma fankiriyas tana yin sa da ƙarin 'yan duwatsu a baki ɗaya, waɗanda suke hana shi aiki. A wannan hali sunansa tirifsinojin, ba ya iya yanka komai. Sai ya isa hanji, inda wani enzayim da ke manne a bangon hanjin yake cire wannan ƙarin, sannan ya zama tirifsin. A ɗakin binciken Ivan Pavlov a ƙasar Rasha aka gano wannan enzayim na bangon hanji a 1899. Da 'yan kaɗan daga cikin tirifsin ɗin sun tashi, sai su juya su tayar da sauran 'yan'uwansu, su kuma tayar da sauran enzayim ɗin furotin da suka zo tare da su a rufe. Shi ya sa muka kira shi shugaba. Idan aka tare tirifsin, ba shi kaɗai aka tare ba, an tare na bayansa.

Bayan wannan, fankiriyas tana ajiye wani ɗan sinadari a cikinta mai kama duk tirifsin da ya tashi kafin lokaci ya riƙe shi. Allah gwanin hikima. Sai dai ba jikinmu kaɗai ne yake da irin wannan sinadari mai tare tirifsin ba. Tsiro ma yana da shi.

Abin da ke cikin ɗanyen wake

Ƙwayar wake ba don mu aka yi ta da farko ba, iri ce da za ta tsiro. Don ta kare kanta daga ƙwari, tana ɗauke da sinadarin da yake liƙe wa tirifsin ya hana shi yanka. Farin wake yana da shi, gyaɗa da gurjiya suna da shi, amma waken suya ya fi su yawa. Tun 1917 wasu masana biyu a Amurka, Osborne da Mendel, suka lura cewa ɓerayen da ake ba ɗanyen waken suya ba sa girma, waɗanda ake ba dafaffe kuwa suna girma. A wajen 1945 wani masani, Moses Kunitz, ya ware sinadarin daga cikin waken, har yau da sunansa ake kiran sa.

Abin da ke faruwa a hanji kuwa shi ne asara biyu. Furotin ɗin da aka ci bai tsinku duka ba, ya wuce. Ita kuma fankiriyas, ganin aiki bai yiwu ba, sai ta yi ta ƙaro tirifsin, wanda shi ma furotin ne da jiki ya kashe duwatsunsa wajen yi, shi ma ya liƙe ya wuce. A kaji da ɓeraye an ga fankiriyas tana ƙara girma saboda wannan wahala.

Maganin abin yana murhu. Sinadarin nan shi ma furotin ne, zafi yana lalata shi. Amma zafi mai ruwa ya fi busasshen zafi yi masa illa, kuma yana son lokaci. Jiƙawa kawai ba ta isa ba, shanyawa a rana ba ta isa ba, niƙa ba ya yi masa komai. Waken suya da aka jiƙa ya kwana, aka tafasa shi kamar minti 30, mafi yawan sinadarin ya mutu. Ɗan abin da ya rage ba ya cutar da mai lafiya. Kada wani ya fita daga ajin nan ya ce an ce wake guba ne. Dafaffen wake abinci ne na ƙwarai, kuma a halin da ake ciki na tsadar nama shi ne rufin asirin gidaje da yawa.

Iyayenmu ba su san sunan tirifsin ba, amma yawancin girkinsu ya bi ƙa'ida. Faten wake da garau-garau suna daɗewa a wuta. Alala tana turaruwa. Daddawa an dafa kalwarta ta sha wuta, sannan an rufe ta kwanaki, ƙananan halittun da ke ruɓar da ita sun riga sun fara tsinka furotin ɗin tun kafin ta shiga miya. Awara ma haka: an tafasa madarar, an zuba ruwan tsami, an matse, wani kaso na sinadarin ya bi ruwan da aka matse, sannan an soya. Inda ake samun gyara shi ne wajen gaggawa. Ƙosai a mai da ya yi zafi da yawa, bayansa ya yi ja, cikinsa ɗanye. Ɗanwake da aka tsame da zarar ya taso. Madarar waken suya kuma tana da yaudara: kumfa tana tasowa ta cika tukunya tun kafin ruwan ya kai tafasa ta gaskiya, sai mai dafawa ta sauke don kada ya zube. Idan kumfa ta taso, a rage wuta, a riƙa juyawa, a bar ta ta ci gaba da tafasa kamar minti 20.

Kanwa tana sa wake saurin laushi, amma laushi ba shi ne dahuwa ba, kuma idan ta yi yawa tana lalata wani bitamin da ke cikin waken. A sa kaɗan, a ba wuta haƙƙinta.

Kunun yara

Nan ne abin ya fi damuna. A asibitocin sha-ka-tafi ana koya wa mata su haɗa garin gero ko dawa da gyaɗa da waken suya don kunun yaron da ya wuce wata shida. Shawara ce mai kyau ƙwarai. Hatsi yana da ƙarancin laisin, dutsen nan da muka ambata, wanda yana cikin tara ɗin da jiki ba ya iya yi. Wake kuwa yana da shi da yawa. Idan aka haɗa, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Amma ku tuna yadda muke dama kunu: a kwaɓa gasara, a sheƙa mata tafasasshen ruwa, ta yi kauri, shi ke nan. Wannan ya ishi gasara. Bai ishi ɗanyen garin waken suya ba.

Ku karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Yaya, kin ga yaron nan tun da na fara ba shi kunun waken suya cikinsa yake kumbura, ga zawo. Ko dai bai karɓe shi ba ne?"

"Amarya, yaya kika yi garin?"

"Na wanke, na shanya, na kai inji tare da geron."

"Ba ki dafa ba, ba ki soya ba?"

"Ai da ruwan zafi nake damawa, Yaya."

"Wannan ba dahuwa ba ce. Kawo sauran waken. Mu jiƙa shi ya kwana, mu murje ɓawon, mu tafasa rabin awa, mu shanya ya bushe ƙayau, sannan mu ɗan soya sama-sama. In kin dama kunun kuma ki mayar da shi wuta ya tafasa. Zawon nan in bai tsaya ba, gobe mu kai shi asibiti."

Mai son soyawa kawai ba tare da tafasawa ba, ta soya a kasko da wuta kaɗan-kaɗan, tana juyawa, har in ta fasa ƙwaya ɗaya ta ga cikinta ya yi ruwan ƙasa, gafin ya tafi. Kada ya ƙone. Ƙonewa tana lalata laisin ɗin da ake nema, an gudu daga asara an faɗa wata.

Masu kiwon kaji, ku ma da ku ake. Wanda yake haɗa abincin kaji da kansa don ya rage kuɗi, in ya niƙa ɗanyen waken suya ya zuba, 'yan tsaki za su ci amma ba za su yi nauyi ba. A dafa ko a soya tukuna. Manyan shanu sun fi jurewa, saboda tumbinsu yana sarrafa abinci kafin ya kai hanji.

Sai ɗanyen ƙwai, da wasu suke fasawa a madara ko lemon kwalba wai don ƙarin jini. Wani bincike da aka yi a ƙasar Beljiyam a 1998 ya nuna jiki yana karɓar kusan kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan kashi 51 kawai. Rabin kuɗin ƙwai ya tafi, ga haɗarin ƙwayoyin cuta masu sa zawo. Ku dafa. Kuma ku ba yara, maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe, hana shi ne ma yake sa ya yi kwaɗayi.

Alamun da ba a zama da su a gida

Yaron da ya daɗe ba ya samun abinci mai gina jiki, fankiriyas ɗinsa ita ma tana ramewa, ta rage yin enzayim, tunda da furotin ake yin su. Sai ya zama ko an ba shi abinci mai kyau bai iya narkarwa sosai. Shi ya sa yaro mai tamowa, wanda ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba a ɗura masa nama da wake a gida a ce za a farfaɗo da shi dare ɗaya. A asibiti da madara ta musamman ake farawa, kaɗan-kaɗan, kafin a kai ga kwaɓin gyaɗar nan na leda. Wannan kwaɓi magani ne na yaron, ba abin rabawa 'yan gida ba ne, ba kuma na sayarwa ba.

Ga manya kuma akwai ranar da tsaron fankiriyas yake karyewa, tirifsin ya tashi tun yana cikinta ya fara cin ta. Manyan dalilai biyu ne: dutsen madaciya da ya gangaro ya toshe mahaɗar bututun da muka ce ku riƙe, da kuma shan giya. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki, ƙasan ƙahon zuci, yana ratsawa har baya, da amai, mutum ya kasa kwanciya rigingine sai ya zauna ya duƙa gaba. Da yawa suna ɗauka gyambon ciki ne, su sha kanwa ko jiƙo su jira. Wannan ciwo yana kisa. A tafi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko babban asibitin da ya fi kusa, da gwajin jini da hoton ciki ake gane shi.

Idan fankiriyas ta daɗe tana lalacewa, mutum yana ci yana ramewa, bayan gidansa ya zama fari-fari mai maiƙo da wari, wani lokaci ciwon suga ya biyo baya. Akwai ƙwayoyin enzayim da likita yake rubutawa a sha tare da abinci. Yawancinsu daga fankiriyas ɗin alade ake samo su, don haka wanda aka rubuta wa ya tambayi likitansa, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin lalura, kada ya ajiye magani a ɓoye. Ƙwayoyin da ake sayarwa a kemis masu ɗauke da tirifsin don kumburin rauni kuwa, ba na narkar da abinci ba ne.

Lissafi

Baligi mai lafiya yana bukatar kusan giram 0.8 na furotin a rana kan kowane kilo na nauyinsa. Mai ciki da mai shayarwa sun fi haka. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Giram 100 na busasshen farin wake yana da kusan giram 24, na waken suya kuwa kusan giram 36.

Mace mai nauyin kilo 60, giram nawa take bukata a rana? Idan ta ci ƙwai biyu da safe, saura nawa? Idan ƙwan ɗanye ta sha, kuma rabi kawai jikinta ya karɓa, giram nawa ta yi asara? Ku rubuta a littafinku, sannan kowa ya sake lissafin da nauyinsa.

Aikin gida

Ku samo ɗanyar gwanda, wadda in an karce ta farin ruwa yake fita. A cikin ruwan nan akwai wani enzayim mai tsinka furotin. Ba tirifsin ba ne, amma aikinsu iri ɗaya. Ku goga gwandar ku raba biyu, ku tafasa rabi minti 15 ku bar shi ya huce. Ku yanka tsoka uku ƙanana daga nama ɗaya. Ta farko ku lulluɓe ta da ɗanyar gwandar, ta biyu da dafaffiyar, ta uku ku bar ta haka nan. Ku rufe su a inuwa awa uku, ku wanke, ku matsa kowace da yatsa. Masu ƙaiƙayin fata su sa leda a hannu kafin su taɓa ruwan gwandar.

Ku rubuta layi uku: wace tsoka ce ta fi laushi, me tafasa ta yi wa gwandar, kuma mene ne haɗin wannan da waken suya. Mata su zo da ɗan garin kunun da suke ba yara, kowace ta faɗa wa aji yadda ta yi shi tun daga wanki har zuwa inji.